Kwana 365, idan an rubuta su 555

Duk ranar da za mu shiga darasin tushen lamba, wato adadin da ake ƙunsawa wajen ƙirga, a ajin da nake koyarwa a nan Gombe, nakan biya ta Tudun Hatsi in sayi wake rabin mudu. Tun daga gida nake ƙirga ƙwaya 365, in ƙulle a leda, in juye a kan tebur gaban yara, in ce su kasa mini shi takwas-takwas. Sukan sami kashi 45, ƙwaya biyar ta rage a gefe. Sai in ce duk kashi takwas a haɗe su su zama tsibi guda. Tsibi biyar ke fita, kashi biyar ya yi saura. Daga nan sai in juya allo in rubuta abin da ke kan teburin: tsibi 5, kashi 5, ƙwaya 5. Wato 555.

Wata shekara wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yanzu waken ya ƙaru ke nan?" Na ce ta taso ta ƙirga da kanta. Ta ƙirga, 365 ɗin nan ne, ko ƙwaya bai ƙaru ba. Har yau ina ganin tambayarta ita ce darasin gaba ɗaya. Lamba daban, rigar da aka sa mata daban. Akwai halayen da ke jikin lambar, duk rigar da ta sa suna nan. Akwai kuma waɗanda na rigar ne, in an tuɓe ta sun tafi. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne wata riga takan ɓoye wani hali, wata kuma ta fito da shi fili, kuma ban san lambar da ta kai adadin kwanakin shekara nuna wannan ba.

A ƙidayar takwas-takwas alƙaluma takwas ne kawai, daga 0 zuwa 7. Babu 8, babu 9. Daga 7 sai 10, wato kashi ɗaya ba ƙwaya. Daga 77 sai 100. Gurbin farko ta dama na ɗaiɗai ne, na biyu na takwas, na uku na 64, na huɗu na 512, na biyar na 4096, kowane gurbi ya ninka na bayansa sau takwas. Don kada a rikice, ana manna ƙaramin 8 a gindin lambar, 555₈. Biyar sau 64 ya ba da 320, biyar sau takwas 40, a ƙara biyar, 365. Nakan hana yara su karanta shi "ɗari biyar da hamsin da biyar", domin kalmar ɗari da ta hamsin kayan ƙidayar goma-goma ne. Biyar-biyar-biyar ake cewa.

Wanda yake ganin wannan baƙon abu ne ya tambayi dattijon gidansu. Kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya, taro kwabo uku, sisi kwabo shida. Wani tsoho mai awon hatsi ya taɓa tambayata me nake yi da waken da nake ƙirgawa, na yi masa bayani. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai mu da sha biyu muka tashi muna riƙe ɗaya." Na ce, "Baba, kun riga mu." Mutanen da ba su taɓa zama a aji ba sun yi ciniki da tushe biyu a lokaci ɗaya, ba tare da kwabo ya ɓace musu ba.

Mu koma kan 555₈. Abu na farko da ido ke kamawa shi ne biyar ce ta maimaitu sau uku, don haka lambar biyar ce sau 111₈. Shi kuma 111₈ shi ne 64 da 8 da 1, wato 73, lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta. Ke nan 365 biyar ce sau 73, iyakarta ke nan. A rubutun goma-goma biyar ɗin ƙarshe takan gaya maka lambar tana rabuwa da biyar, amma 73 sai ka zauna ka yi rabawa kafin ka gan ta. A nan kuwa dukansu biyu suna zaune a fili.

Sai dai akwai rami a wurin, kuma yara da yawa suna faɗawa. Suna ganin biyar a ƙarshe sai su ce lambar tana rabuwa da biyar, kamar yadda suka saba. Wannan doka ta rigar goma ce, tana aiki ne saboda goma da kanta tana rabuwa da biyar. Takwas ba ta rabuwa da biyar. 15₈ sha uku ne, 25₈ ashirin da ɗaya ne, 35₈ ashirin da tara, duk babu mai rabuwa da biyar. Ga kuma 12₈ da 17₈ da 24₈, wato goma da sha biyar da ashirin, suna rabuwa da biyar ba tare da sun ƙare da biyar ko sifiri ba. Abin da ya sa 555₈ ta rabu shi ne kowane gurbi biyar ce a cikinsa.

Inda rigar takwas ta fi haskawa shi ne wajen bakwai. A ƙidayar goma-goma, gwada ko lamba tana rabuwa da bakwai aiki ne mai gajiyarwa, har ma littattafai da yawa sukan tsallake shi. A ƙidayar takwas-takwas kuwa tara alƙaluman kawai za ka yi. Dalilin yana kan teburin waken nan. Ɗauki kashi ɗaya mai ƙwaya takwas ka raba wa yara bakwai: kowa ɗaya, saura ɗaya. Ɗauki tsibi mai 64: kowa tara, saura ɗaya. Ko buhu ne mai 512, kowa zai sami 73, saura ɗaya. Kowane ƙunshi, komai girmansa, ƙwaya ɗaya yake bari. To tsibi biyar ya bar biyar, kashi biyar ya bar biyar, ga ƙwaya biyar da ma tana gefe: sha biyar. A sake raba sha biyar ɗin wa yara bakwai, saura ɗaya. Wannan ita ce dabarar da muka sani ta gwada rabuwa da 9 a ƙidayar goma-goma, ta koma kan bakwai, domin a kowane tushe lambar da ke ƙasa da tushen da ɗaya ita ke samun wannan gata.

Saura ɗayan nan kowa ya san shi, ko da bai san daga ina ya fito ba. Mako kwana bakwai ne, shekara mako 52 ce da kwana ɗaya, shi ya sa kowace ranar wata take matsawa gaba da kwana guda duk shekara. An ƙirƙiri jihar Gombe ran 1 ga Oktoba 1996, ranar Talata. Da aka cika shekara, Laraba ce. Shekara mai kwana 366 ana rubuta ta 556₈, jimlar alƙalumanta sha shida, saura biyu, sai ranar ta yi tsalle biyu. Ga gwaji mai daɗi: ranar 'yancin kan Nijeriya, 1 ga Oktoba 1960, Asabar ce. Daga nan zuwa ranar Gombe shekara 36, a cikinsu an ratsa 29 ga Fabrairu sau tara, jimla 45. Rubuta 45 ɗin 55₈, biyar da biyar goma, a cire bakwai saura uku. Asabar, a ƙirga uku gaba: Lahadi, Litinin, Talata. Ya fito daidai.

Shekarar Hijira mai kwana 354 ita ce 542₈. Biyar da huɗu da biyu sha ɗaya, saura huɗu, don haka ranar takan matsa da kwana huɗu, ko biyar a shekara mai 355. In ka ɗebe 542₈ daga 555₈ za ka sami 13₈, kashi ɗaya da ƙwaya uku, wato kwana sha ɗayan nan da azumi ke jawowa baya duk shekara, har ya zagayo daga bazara zuwa hunturu. Ita kanta 1960 idan ka juya ta 3650₈ ce. Uku da shida da biyar sha huɗu, ke nan tana rabuwa da bakwai ba saura: bakwai sau 280. A rubutunta na kullum babu abin da zai nuna maka haka.

Tara ba ta rasa nata ba, ta dai sauya salo. Tunda takwas ta gaza tara da ɗaya, 64 ta wuce 63 da ɗaya, 512 ta gaza 513 da ɗaya, sai a riƙa ƙarawa ana ɗebewa bi da bi daga dama. Ga 555₈: biyar, a ɗebe biyar, a ƙara biyar, saura biyar, kuma 365 ɗin 360 ce da biyar. Wannan ce dokar sha ɗaya ta ƙidayar goma-goma, ta sauko kan tara.

Alƙalamin ƙarshe kuma yana ɗauke da labari fiye da yadda ya saba. Shi kaɗai ya isa ya gaya maka lambar cika ce ko mara, wato tana rabuwa da biyu ko a'a, ko tana rabuwa da huɗu, ko da takwas. A ƙidayar goma-goma sai ka duba alƙaluma biyu kafin ka san na huɗu, uku kafin ka san na takwas. 1996 ita ce 3714₈. Ta ƙare da 4, tana rabuwa da huɗu amma ba da takwas ba, kuma lallai Fabrairun shekarar ya yi kwana 29. Shekarar da aka ƙirƙiri jihar Bauchi, 1976, ita ce 3670₈. Sifiri a ƙarshe, tana rabuwa da takwas. Nakan ba yara su ɗebe ta biyun daga ta farkon don su koyi aro: huɗu a ɗebe sifiri, huɗu, ɗaya ba za ta ba da bakwai ba, sai a aro daga maƙwabci, kuma abin da aka aro takwas ne, takwas da ɗaya tara, a ɗebe bakwai saura biyu. Amsa 24₈, shekara ashirin da Gombe ta yi a cikin tsohuwar jihar Bauchi. Rabin aji sukan aro goma a karon farko. Hannu ne ya saba, kuma sai da wake a gaba yake sakewa.

Yanzu ga ɓangaren da na fi ƙauna, na lambobin da ake samu idan an ninka lamba da kanta, murabba'i ke nan: 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81. A rigar goma ƙarshensu ya watsu, 0, 1, 4, 5, 6, 9. A rigar takwas sukan zama 1, 4, 11, 20, 31, 44, 61, 100, 121. Duba wutsiyarsu: 0, 1, 4, babu na huɗu. Bugu da ƙari, duk lambar mara idan ta ninka kanta da 1 take ƙarewa, ko da yaushe. Dalili: lambar mara tana zaune ne tsakanin cika biyu, kuma murabba'inta ya ɗara ninkin waɗannan maƙwabtan biyu da ɗaya tak (bakwai sau bakwai 49, shida sau takwas 48). Cika biyu da ke jere kuwa dole ɗaya ta rabu da huɗu, ɗayar da biyu, ninkinsu ya rabu da takwas.

Daga wannan ɗan abu manyan sakamako ke fita. 555₈ ta ƙare da biyar, don haka ba murabba'i ba ce, ba sai an gwada ba. Amma biyar ɗaya ce da huɗu, wato ƙofa a buɗe take ta zama jimlar murabba'i biyu. Kuma haka ne: 13 sau 13 shi ne 169, 14 sau 14 shi ne 196, jimla 365. A rigar takwas 251₈ ne da 304₈, ka tara su gurbi-gurbi ba tare da riƙe komai ba, biyar, biyar, biyar. Akwai hanya ta biyu, 361 da 4, wato 551₈ da 4. Hanya biyun ba dace ba ne. A 1640 masanin lissafi Bafaranshe Fermat ya bayyana cewa duk lambar da ba ta rabuwa, in ta bar saura ɗaya idan an raba ta da huɗu, jimlar murabba'i biyu ce; wani masanin, Euler, ya kawo hujjar bayan fiye da shekara ɗari. A rigar takwas waɗannan su ne masu ƙarewa da 1 ko 5. Biyar tana ciki, ɗaya da huɗu. 73 tana ciki, tara da 64. Ninkin irin waɗannan biyu mabambanta kuwa yakan fito ta hanya biyu. Sannan 365 ita ce kuma 100 da 121 da 144, murabba'in goma da sha ɗaya da sha biyu. Wannan hali na jikin lambar ne, kowace riga ta sa yana nan.

Ka kuma gwada haɗa uku daga cikin 0 da 1 da 4 yadda ka ga dama, kana zubar da takwas in ta cika: ba za ka taɓa samun bakwai ba. Ke nan duk lambar da ta ƙare da 7 a ƙidayar takwas-takwas, 7 ko 15 ko 23 ko 31 a rubutunmu, ba za ta taɓa zama jimlar murabba'i uku ba. Rabin wata shahararriyar ƙa'ida ce ta masanin lissafi Legendre daga ƙarshen ƙarni na 18, kuma ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya tabbatar da wannan rabin a bayan littafinsa cikin minti biyar. Abin yana ba ni takaici idan na tuna yawancin yaranmu iyakar abin da suke ɗauka daga wannan babi shi ne "raba da takwas, rubuta saura, karanta daga ƙasa", su haddace don WAEC da NECO, su manta bayan mako guda. Ni ma shekarun farko na koyarwa haka na yi ta yi, domin haka aka koya mini.

Me ya sa takwas ta samu shiga manhaja tun farko? Saboda kwamfuta. Takwas biyu ce sau biyu sau biyu, don haka kowane alƙalami na ƙidayar takwas-takwas daidai yake da alƙaluma uku na ƙidayar bibbiyu mai 0 da 1 kaɗai, wadda na'ura ke aiki da ita. Biyar ita ce 101, to 555₈ ita ce 101 101 101, ba rabawa ba ninkawa, musanya kawai. Kwamfutoci irin su PDP-8 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1965, ƙunshin da suke aiki da shi ɗigo 12 ne, wato alƙaluman bibbiyu 12, alƙaluma huɗu na takwas-takwas cif. Da aka koma ƙunshi mai ɗigo takwas, wanda ba ya rabuwa uku-uku, sai ƙidayar sha shida ta karɓe fagen. Amma ta takwas ba ta mutu ba. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, in ya buɗe Linux, tsarin da ke gudanar da kwamfuta, zai gamu da umarnin chmod mai saita izinin fayil: izinin karantawa 4 ne, na rubutawa 2, na gudanarwa 1, alƙalami ɗaya na mai fayil, ɗaya na rukuninsa, ɗaya na sauran jama'a. Fayil mai 555 kowa zai iya karantawa ya gudanar, ba mai iya sauya shi. A yaren rubuta manhajar kwamfuta mai suna C kuma sifiri a gaban lamba yana nufin tushen takwas, wanda ya rubuta 010 yana zaton goma ce, takwas zai samu. Jirgin da ke sauka a filin Lawanti na Gombe ma yana ɗauke da na'urar da ke amsa wa rada, na'urar hango jirage, da alƙaluma huɗu daga 0 zuwa 7, lambobi 4096 ke nan; 7700 na nufin halin gaggawa, 7600 rediyo ya mutu, 7500 an yi fashin jirgi.

Tun kafin kwamfuta akwai waɗanda suka ƙirga da takwas. Mutanen Yuki na Kalifoniya a Amurka tsakanin yatsu suke ƙirgawa, huɗu a kowane hannu. A 1716 sarkin Suwidin, Charles na 12, ya nemi masani Emanuel Swedenborg ya tsara masa ƙidaya mai tushe 64, shi kuma ya ga ta yi wa talaka nauyi, ya karkata ga takwas. Shawarar ba ta je ko'ina ba, kuma a ganina gara da hakan, domin kowace riga tana da inda take matsewa.

Wurin matsewar yana fitowa ne a rabo. Malamin da ke raba gado zai ji daɗin wani ɓangare: rabi 0.4 ne, rubu'i 0.2, sumunin matar mamaci mai 'ya'ya 0.1, a tsaye cak, alhali a rubutunmu sumuni sai an ja shi zuwa 0.125. Subu'i da ke ba mu wahala da 0.142857 mai ta zagayawa, a can 0.111 ne har abada. Amma sulusi 0.2525 ne ba ƙarshe, sudusi 0.12525, duk tushen biyu ba su iya rufe su ba, tunda babu uku a cikin goma kuma babu a cikin takwas. Humusi kuwa da ushurin zakkar amfanin gona, waɗanda muke rubutawa 0.2 da 0.1 cikin sauƙi, a rigar takwas sun zama 0.14631463 da 0.063146314 ba iyaka. Dokar guda ce: rabo yana tsayawa ne idan mahaɗan lambar da ke ƙasa, wato lambobin da ba sa rabuwa da aka ninka aka same ta, duk suna cikin mahaɗan tushen. Goma tana da biyu da biyar, takwas biyu kaɗai gare ta. Wannan raunin kwamfuta ta gada, shi ya sa in ka sa wasu yarukanta su tara 0.1 da 0.2 za ka ga 0.3 da wata 'yar wutsiya a can nesa.

Ita ma shekara ba ta tsaya a kwana 365 ba, akwai kusan rubu'in kwana a kai. Da rubu'i ne cif, da tsawonta 555.2₈ ne, da kuma alƙalamin ƙarshe, 0 ko 4, ya wadatar wajen gane shekara mai ƙarin kwana. To ya gaza rubu'i da kusan minti sha ɗaya. Shi ya sa gyaran kalanda na 1582 ya cire ƙarin kwanan daga shekarun cikar ƙarni, sai waɗanda ke rabuwa da 400: 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Masu gyaran da goma-goma suka yi tunani, ɗari da ɗari huɗu suka zaɓa. 2100 ita ce 4064₈, ta ƙare da 4 kamar 1996, amma Fabrairunta kwana 28 zai yi.